Fuskar da Na Goge

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki bik, wato biro. Sau uku ina sayen kaye, littafin rubutu mai layi-layi, don in rubuta, sau uku jikokina suna cika shi da lissafin makaranta ban sa ko harafi ba. Karatuna bai wuce aji shida ba, kuma abu biyu nake tsoro: in rubuta abin da bai faru ba, ko in rubuta abin da ya faru ya zama na sake tona asirin wadda na riga na cuta. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce in sake sunaye. Na sake. Makarantar ma ba zan faɗi wadda ce ba. Kolej ce daga cikin waɗanda nake zagayawa tsakanin Buza da Keita. In na yi kuskure a wani wuri, mantuwa ce, ba ƙari ba.

Sana'ata ɗaukar hoto, shekara talatin da ɗoriya. Yaran yanzu in sun ji haka sai su taɓa aljihu su yi murmushi, wai ai kowa mai hoto ne. Ɗan ƙanena ya taɓa ce mini, "Baba, ina wuyar take? Latsawa ɗai ce." Wannan rubutun shi ne amsar, da shi da ire-irensa.

Na koyi aikin a Madawa, hannun wani mutum da ake kira Ɗan Ladi, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko ban taɓa aparai ba, wato na'urar hoton kanta. Shara nake yi, da gugar ƙyallen da ake ratayawa bayan mutum, da kai pelikil, wato fim ɗin hoto, Kwanni a wanko. Pelikil guda hoto talatin da shida ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai bayan kwana uku. In ka yanke wa ango kai, ka yanke ke nan, ba za a sake ɗaura aure dominka ba. Tun daga nan na koyi duba abu sau uku. Har yau in na rufe shago sai na dawo na girgiza kwaɗon.

Aikin farko da maigida ya bar mini, wata tsohuwa ce daga Karofane mai son hoton karti, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Fuskarta cike da aska irin ta mutanen da. Na zaunar da ita a rana tsaka, ina ganin ai haske ake so. Sai ya daka mini tsawa, ya mayar da kujerar inuwa, ya ɗauko wani kwali da ya manna wa takardar azurfa ta cikin akwatin shayi. Ya yi ta karkata shi har hasken ya faɗo mata ta gefe. Sai ga layukan sun fito ɗaya bayan ɗaya, kamar kunyoyin gona da hantsi.

Ya ce, "Ka gani? Baƙar fata ba ta son rana bisa kai, ta gefe take son haske. Kuma a karti aska ita ce shaida. Hanci kowa na da shi."

Tsohuwar nan duk sanda na ce uku sai ta runtse ido. Ya raɗa mini, "Ƙirga mata har uku, amma ka latsa a biyu." Wannan dabarar ta ciyar da ni shekaru.

Dokokinsa biyu ne, kullum yana maimaita su yana goge gilashin aparai da gefen rawani. Ta farko: wanda ya zauna bisa kujera shi za ka miƙa, kada ka ƙara wa Allah aiki. Ta biyu: hoton mutum hannun mai shi. Ko miji ya zo karɓar na matarsa sai ya koma ya zo da ita, ko da wata shaida. Na riƙe dokokin nan fiye da shekara ashirin. Na karya su duka biyu cikin mako guda.

Kakar mai hoto ita ce lokacin dosiye, sa'ad da ƴan ajin ƙarshe na kolej ke haɗa takardun jarrabawar fita, wato birebe. Kowane ɗalibi hoto huɗu. Sai in ɗaure kaya bayan moto, wato babur: farin ƙyalle, ƙusa huɗu, kujerar ƙarfe mai naɗewa, kwalin azurfa, da ƙaramin allo da alli. In na isa sai in kafa ƙyallen a bangon aji ta wajen inuwa. Yaro ya zauna, ya riƙe allo mai lambarsa a ƙirji, don kada in haɗa fuskar wani da sunan wani. In na koma gida in yanke su da almakashi, in sa na kowa a ƴar ambulan da nake naɗewa da tsohuwar takarda, in rubuta suna. Ranar rabo in tsaya bakin aji in kira ɗaya ɗaya, hannu da hannu.

Mai hoto yana ganin abin da malamai ba su gani, don shi ba a jin kunyarsa. Kafin layi ya kai rabi na san wa ke mulkin aji. Akwai wadda in za ta zauna ƙawaye uku ke gyara mata hijabi, wani ya miƙo madubi, kowa ya yi tsit. Akwai kuma wanda tun kafin ya iso kujera an fara tari da shewa. Ban taɓa zuwa ajin da babu waɗannan biyun ba. Dā ina ce wa kaina ba ruwana, ni fuska na zo ɗauka.

Da aparai mai kart ɗin ajiye hotuna ya shigo, pelikil ya mutu, na yi murna, don ina ganin hoto nan take. Abin da ya biyo baya ne ban shirya masa ba. Wasu samari suka buɗe shago a Madawa da ordinatar, wato kwamfuta, suna yin abin da muke kira wanki: a share ƙuraje, a rage hanci, a haskaka fata. Amare suka daina zuwa wurina. Mace ta karɓi hotonta ta ce, "Haba malam, haka nike baƙa?" In ce haka na gani. Ta tafi ba ta dawo ba. Na yi shekara biyu ina tirjewa, daga baya na sayi tsohuwar ordinatar hannun wani da ya dawo daga Libiya, na koya. Na ce wa raina hoton biki kawai zan riƙa wankewa, na karti da na dosiye ba zan taɓa ba.

Shekara shida ke nan, na ƙirga da damina. Na je kolej ɗin nan da safe, aji guda ne, yara wajen hamsin. Sarauniyar ajin zan kira ta Samira. Ubanta yana Abijan, tana da waya babba, fara ce mai fara'a, ita ce kuma shef, wato shugabar aji. Sau uku na ɗauke ta kafin ta yarda. Ta yi mini godiya da ladabi, ba zan ɓoye wannan ba.

Da aka zo lamba ashirin da bakwai sai na ji layi ya ɗauki guɗa.

"Kaye ta iso! A ba Kaye hanya!"

"Mai hoto, wagga feji ɗari biyu ce ko ɗari uku?"

"Tsaya, kak ka ɗauka! A ba ta regil ɗin jan layi ta gyara, layin hagu ya karkace!"

Yarinya ce siririya, baƙa, doguwa. Zan kira ta Habsu. Tana da tsage a kumatu biyu, sirara, daga gefen baki har kusa da kunne, a jere kamar layukan kaye. Irin wannan aska an daina yi wa yaran zamaninta, ita kaɗai ce da ita duk makarantar. Samira ba ta yi ihu tare da su ba. Cewa ta yi, da murya mai sanyi, "Ku bari mana, ba ita ta yi ma kanta ba." Dariyar da ta biyo bayan wannan ta fi ta farko.

Habsu ta zauna. Ba ta kalli kowa ba. Ta miƙe wuya, ta daidaita kafaɗa, ta ɗora allo a ƙirji ba tare da na ce komai ba. Na karkata kwalin azurfa, haske ya faɗo ta gefe, layukan suka fito. Na ƙirga, na latsa a biyu, amma ba ta ko ƙifta ba. Sau ɗaya na ɗauka. A duk aikina na wannan shekara babu hoton da ya kai shi kyau wajen zama da haske.

Da na gama na tsaya cin ƙosai wurin wata mata da ke suya bakin ƙofar makarantar, yara na kiranta Inna. Na tambaye ta yarinyar. Ta ce daga wani ƙauye take bisa dutse ta wajen Garhanga, an ba da ita riƙo gidan wani mai gadi a garin don karatu.

"Ita ka ɗaukar ta ɗaya a lissahi," in ji Inna. "Da safe su kwashe aikinta su kwafa, da rana ba mai zama tebur guda da ita. Nan take sayen ƙosai ta tahi bayan aji ta ci ita ɗai. Bara barci ya ɗauke ta lokacin hutu, sunka rubuta mata kwanan wata bisa kunci da bik. Shekara huɗu ana haka. Ni dai ban taɓa ganin hawayenta ba."

Washegari kuran, wato wutar lantarki, ya zo da azahar, na zauna gaban ordinatar ina jera hotunan. Da na iso nata sai na tsaya. Na ƙara girmansa. Layi bakwai a dama, bakwai a hagu. Na tuna shewar nan. Na ce bari in share ɗaya kawai in gani. Na share. Sai shida suka zama kamar kuskure, na share na biyu. Kafin la'asar babu ko ɗaya. Na ɗan haskaka fatar, kaɗan, yadda nake yi wa amare. Na jingina ina kallon wata kyakkyawar yarinya da ban taɓa gani ba. Wallahi a lokacin gani nake kyauta na yi mata. Na ce ko sau ɗaya ta riƙe abin da ba za a yi wa dariya ba. Ban tambaye ta ba. Bai ma zo mini a rai in tambaya ba. Na asalin na ajiye shi gefe, don al'adata ce ban zubar da komai.

Ranar rabo ina da hoton suna a Karofane, an ce kafin a yanka rago in iso. Na biya makarantar da sauri, na tarar suna cikin gwaji, ƙofa a rufe, surbeyan mai kula da ɗalibai kuma ya tafi gaisuwar mutuwa. Na tsaya ina duba rana. Can sai ga Samira ta fito, ta riga kowa gamawa.

"Ina kwana, Baba. Hotuna ne? Kawo in raba musu, ni ce shef."

Na ce, "Kowa da sunanshi bisa ambulan. Kada a buɗe na wani."

"Haba Baba, sai ka ce yara."

Hannuna bai so ba. Na miƙa. Har na hau moto na ji kamar in koma, sai na tuna ragon.

Abin da ya faru bayan tafiyata ban gani ba, daga bakin Inna na ji, da na malamin lissafinsu, kuma maganarsu ta zo ɗaya. An buɗe ambulan duka ana gwada na wa ya fi. Da aka iso ta Habsu sai aji ya fashe da dariya. Hoton ya zagaya hannu hamsin kafin ya iso mai shi. Wani ya ɗauke ta da waya ba ta sani ba, aka haɗa fuskarta ta gaske da wadda na yi, gefe da gefe, aka zuba a gurup ɗin aji. A ƙasa aka rubuta: ko mai hoto bai iya jurewa ba. Kafin kwana biyu ya isa wasu makarantu. Yaran da ba su san sunanta ba suna tare ta a hanyar famfo suna cewa, "Ina gom ɗin da anka goge ki da shi?"

Da surbeyan ya zo karɓar dosiye, ya ɗaga hoton, ya dube ta, ya sake duban hoton. Ya ce, "Wannan ba ke ba ce. Ranar jarrabawa cewa za a yi wata kika aiko. Ki kawo wani kafin mako ya fita." Gaskiya ya faɗa, aikinsa ya yi. Amma a gaban aji ya faɗa.

Ranar kasuwar Buza ina shago, wajen azahar, sai ga ta a bakin ƙofa. Ƙafafunta fari fat da ƙura, da alama mafi yawan hanyar a ƙasa ta yi ta. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ba ta ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ta kwance bakin hijabi ta jera hotuna huɗu bisa tebur.

"Baba, wagga wa ce?"

Na ce, "Ɗiyata, ke ce. Gyara na ɗan yi."

"Wa ya ce ka gyara?"

"Ba kowa. Na ji abin da suke ce miki, sai na ga..."

Ta ce, "Uwata ta haihu biyar kahin ni, duk sunka koma tun ba su yi haƙori ba. Da anka haife ni kakata ta ɗauke ni ta kai ma wanzami da kanta, ta ce a yi mini shaida yadda ba a sake ɗaukata. Malam ya ce ba aska ka tsare mutuwa ba, na kuma yarda. Amma ni ɗai na tsaya. In na koma gida hutu, kakata ba ta gani sosai, da hannu take shafa ta ce, Habsu ta zo."

Na ce, "Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

Ta ajiye kofin a hankali. Muryarta ba ta tashi ba, da ta yi mini ihu da ya fi mini sauƙi.

"Shekara huɗu suna faɗi, Baba. Kullum in ce ma kaina, don na fi su lissahi ne, haushi ne. Amma kai ba ka san ni ba. Ban kayar da ɗanka a gwaji ba. Kai da aikinka duban fuska ne, ka duba, ka ga ba ta kai a nuna ba. To ashe gaskiya suke faɗi."

Na rantse mata ba haka ba ne. Na ce hotonta ya fi na kowa, na asalin yana nan, na kunna ordinatar in nuna mata, babu kuran. Na ce zan buga mata yanzu da ya dawo, sai na tuna takardar bugawa ta ƙare a aikin dosiye, sai an je Kwanni. Ni da nake duba komai sau uku, ranar ba ni da ko falle ɗaya. Na ce ta ba ni kwana uku, ni da kaina zan kai mata makaranta.

Ta ce, "To."

Ta miƙe. Na ce ta ɗauki waɗannan. Ta ce, "Ba nawa ba ne." Ta fita ta shiga cikin ƴan kasuwa.

Da asuba na kama hanyar Kwanni, na dawo da takarda, na buga huɗu, na yanke su da hannuna. Rana ta uku ina ƙofar makaranta kamar yadda na ce. Ba ta nan. Mai gadin da ke riƙonta ya ce tun daren kasuwar ba ta kwana gidan ba, ta zo ta naɗe tabarmarta da takardar haihuwarta ta ce za ta gida. Malamin lissafi ya roƙi a jinkirta, amma dosiye ba ya tafiya babu takardar haihuwa da sa hannun mai shi. Aka rufe, aka aika Tawa babu lamba ashirin da bakwai.

A nan akwai abin da ya kamata in faɗa. Na san sunan ƙauyen tun ranar. Da na tafi nan take, wataƙila in same ta. Amma na yi ta cewa gobe, ina tunanin me zan ce wa iyayenta, ko za su tara mini mutane. Sai da na yi kwana goma sha shida.

Hanyar duwatsu ce, sau biyu ina sauka in tura moto. Na tarar da kakar a gindin zana tana ɓarar wake da lalube. Uwar yarinyar ta rasu da jimawa, uban yana bida, wato ci-rani, a ƙasar waje. Na faɗi ko ni wane ne, ban rage komai ba. Tsohuwar ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ta tahi kwana shida da sunka wuce. Ta bi ƙanwar uwatta Agadas, wankin kwanoni gidan abinci. Na ce karatun fa? Ta ce ta ƙoshi. Da za ta tahi na kai hannu in shafa ta, sai ta kau da kai. Tun tana cikin zane ba ta taɓa kau mini da kai ba."

Na ciro hoto ɗaya na sa mata a tafin hannu, na ce ga ta nan yadda take, da shaidarta duka. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi. Sannan ta sa ɗan yatsa tana shafawa, sama da ƙasa, ta daɗe.

Ta ce, "Ɗana, sumul nike ji. Ba kowa nan."

Duk da haka ta ƙulle shi a bakin zane. Damina biyu bayan nan ta rasu.

Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Na daina wanki gaba ɗaya, amare suka ƙarasa watsewa. Labarin hoton da aka ƙi ya zagaya, makarantu uku suka kira wani a shekarar da ta biyo. Da bazara kuran ya zo da ƙarfi ya ƙone ordinatar, na kai ta har Tawa aka ce abin da ke ciki ya tafi. Kart ɗin kuwa na riga na ɗora wasu hotuna a kai. Na asalin ya tafi ke nan. Yanzu hoton karti nake yi jefi-jefi, da na tsofaffi masu zuwa Makka.

Bara wata mata ta shigo da goyo, tana son hoton fasfo za ta bi mijinta. Sai da ta yi magana na gane Samira ce. Ta gaishe ni da fara'a kamar dā. Ina daidaita kujera na ce ko tana tuna Habsu.

"Wace Habsu?" Ta yi ɗan tunani. "A'a, Kaye! Wayyo, ƙuruciya. Ai mun sha dariya shekaran nan. Tana ina yanzu, Baba?"

Na ce ban sani ba. Ta ce Allah sarki, ta gyara ɗankwali, ta ce in ɗan haskaka ta. Na ce ba na yi. Ta karɓi hoton ta dube shi, ta ce za ta dawo. Na hange ta ta tsallaka wajen wasu samari da suka buɗe sabon shago a nan Buza. Ban riƙe ta a rai fiye da kaina ba. Ita ta buɗe ambulan, amma ba ita ta sa abin da ke ciki ba.

To ku masu waya a aljihu, latsawa ba wuya, gaskiyarku. Yanzu ma an ce wayar da kanta take yin wankin, ba a tambaye ta ba, kafin mutum ya ga fuskarsa an riga an gyara masa. Abin da na yi daga azahar zuwa la'asar ina yi, tana yinsa kafin ƙiftawar ido, ga kowa, kullum. Ban san wa zai koya mata dokar Ɗan Ladi ba.

Na tambayi direbobin Agadas, na tambayi masu dawowa daga bida. Wani ya ce ya ga mai irin askar a Arlit tana sayar da ruwan sanyi. Wani ya ce an wuce da su gaba, cikin hamada. Ba wanda ya tabbatar. Malamin lissafin ya ce mini ko yanzu tana iya zama jarrabawar daga waje, kanta zai ɗauka, amma sai da sabon hoto, wancan ya tsufa. Kujerar tana nan, da kwalin azurfa.

Saboda haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. In ka san wata mace ƴar ƙasarmu ta Adar, doguwa, baƙa, yanzu za ta kai ashirin da biyu, mai tsage bakwai a kowane kunci, mai saurin lissafi, don Allah kada ka ɗauke ta hoto, kada ka aika wa kowa. Ka dai gaya mata tsohon mai hoton Buza yana riƙe da kayanta. In ba ta son ganina, ta aiko da wanda ta yarda da shi da wata shaida. In kuma abin da ka sani ba mai daɗi ba ne, shi ma ka aiko mini ta hannun direbobin tasha, sun san ni.

Ina roƙon a hanzarta. Hotuna uku suka rage, suna cikin ambulan a ƙasan akwati, kuma takardar da na samo a Kwanni ranar nan ba mai kyau ba ce. Duk wata ina fito da su in ƙirga. Siraran wurare ne ke fara dushewa. Watan jiya na kai su bakin ƙofa, na karkata su ga haske ta gefe, na ƙirga sau uku. A dama bakwai suna nan. A hagu biyar nake gani.